FASHIN BAƘI: Yadda ake gyara murhu da laka da toka, da dalilin da ya sa biliyoyin gwamnati suka kasa yin haka

A yawancin gidajen Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura, babu wurin da ya kai madafi aiki, babu kuma wurin da ya kai shi rashin gata. Maigida zai yi wa zaure sabon yaɓe, ya zuba wa ɗakin amarya siminti da fenti, amma madafi yana nan yadda aka gaje shi: duwatsu uku ko ɓallin bulo uku a gindin bango, bangon ya yi baƙi ƙirin har zuwa rufi, kunkunniya tana reto a jikin azara. A nan ake hura wuta sau biyu ko uku a rana. A nan mace take durƙushe da goyo a bayanta, tana fifita ɗanyen itace, idonta yana zubar da hawaye.

Shekaru goma da suka wuce, mai ɗan albashi a cikin gari yana iya cewa wannan matsalar ƙauye ce. Yau ba zai faɗa ba. A 2016 aka janye tallafin kananzir, risho ya koma ƙarƙashin gado. Aka ce a koma gas, har Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekaru goma na gas a 2021. Amma tukunyar gas mai kilo 12.5, wadda ake cikawa a kan kusan naira 4,000 a 2020, ta haura naira 16,000 a ƙarshen 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ga wanda yake da albashin ke nan. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dako ya hau kan komai, har da itacen kansa. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da suka yi sallama da murhu sun dawo gare shi, sun kuma tarar da shi da muninsa yadda suka bar shi.

Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a Nuwamban 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci, kuma fiye da rabin al'ummar ƙasar talakawa ne da ke girki da itace, ko gawayi, ko kashin shanu. Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi muni, inda sama da mutum 80 cikin 100 suka faɗa a wannan ma'auni. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma ya san ba yau ba, ba gobe ba murhu zai bar gidajen Masarautar Kazaure da ƙasar Babura. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a gyara shi da ɗan abin da ke hannu, a kuma san iyakar abin da gyaran zai iya yi.

Ina wutar take tafiya?

Kafin a soki murhun duwatsu uku, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Kyauta ne. Yana karɓar kowace tukunya, daga ta miya har zuwa ta biki, sai dai a matsa duwatsun ko a buɗa su. Yana cin itace, yana cin kara, yana cin totuwar masara da busasshen kashin shanu. Yana riƙe tukunya daram lokacin da mace ta sa muciya tana tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin. Da hunturu yara suna jin ɗumi a gefensa, hayaƙinsa yana korar sauro, yana kuma kare irin shuka da aka rataye a sama daga ƙwari. Duk wani sabon murhu da ya kasa yin rabin waɗannan ayyuka, komai kyansa, ƙarshensa ya zama wurin kwanan kaji.

Laifinsa ɗaya ne, amma babba: ɓarna. A girkin yau da kullum, abin da ke shiga tukunya daga zafin itacen da aka ƙona bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran yana bin iska ta gefe uku, ko ya shige ƙasa, ko ya tashi a matsayin hayaƙi. Shi kansa hayaƙin itace ne da bai gama ƙonewa ba. Idan itace ya yi zafi, yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta. Idan ta sami isasshen zafi da isasshiyar iska, sai ta ci ta zama harshen wuta. Idan ta taɓa gindin tukunya mai sanyi ko iska ta kwashe ta kafin ta ci, sai ta zama hayaƙi da baƙin tukunya. Kunkunniyar da ke jikin bango, idan aka bi asalinta, kuɗin itace ne da aka biya ba a ci moriyarsu ba.

Daga nan dabarar gyara ta fito, kuma abu uku ne take nema: a killace wutar don ta yi zafi sosai, a ba ta iska ta ƙasa, sannan a tilasta wa zafin ya goga jikin tukunya kafin ya fita.

Awo ya fi kayan aiki tsada

Hanya mafi araha ba ta buƙatar a jefar da duwatsun. A Burkina Faso, tun farkon shekarun 1980, aka yaɗa wani salo da ake kira ingantaccen murhun duwatsu uku, gwamnatin Thomas Sankara kuma ta ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na yaƙi da sare daji. Duwatsun suna nan a wurinsu, sai dai a zagaye su da bangon laka wanda ya rungumi tukunyar har kusa da kunnuwanta, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace.

Kayan haɗin ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini. Ana neman yumɓu ko ƙasar shuri, da yashi, da ramno ko ƙaiƙayi, da ɗan kashin shanu ko na jaki. A kwaɓa, a tattake, a rufe, a bar shi ya kwana biyar zuwa bakwai ya tsima, kamar dai yadda magina suke yi wa ƙasar tubali. Yumɓu zalla yana tsagewa idan ya bushe. Yashi ya yi yawa kuma sai ya ruguje. Saboda haka babu gwargwado guda da zai yi wa kowane gari. Ƙasar gindin duwatsun Kazaure da Roni daban take da jigawar Babura, inda sai an nemi kududdufi ko fadama kafin a sami laka mai danƙo. Gwajin da magina suka sani ya isa: a dunƙula curi, a sake shi daga tsayin ƙugu, idan ya tarwatse, yashi ya yi yawa, idan ya baje kamar ƙullu ba tare da ko tsaga ba, yumɓu ya yi yawa.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wurin awo, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Tukunyar da za a riƙa girki da ita, ita ce ma'auni. A kanta ake gina murhun. Tazarar da ke tsakanin gindinta da ƙasan murhu ta zama ɗan ƙasa da rabin faɗin tukunyar. Idan ta yi sama da yawa, wuta ba ta isa gare ta. Idan ta yi ƙasa da yawa, ta danne wutar, hayaƙi ya turnuƙe. Ratar da ke tsakanin jikin tukunya da bangon laka kuwa kada ta wuce faɗin ɗan yatsa, wato santimita ɗaya ko ɗan fiye. Wannan 'yar rata ita ce sirrin murhun gaba ɗaya. Ta cikinta zafi yake bi yana gogar tukunya ta kowane gefe. A buɗa ta ta kai faɗin tafin hannu, an koma gidan jiya, sai dai an yi asarar laka. A matse ta har ta toshe, wuta ta mutu. Ƙofar itace ta fuskanci inda iska ta saba fitowa, kuma idan gidan da kara ake girki bayan kaka, to a ɗan faɗaɗa ta, domin kara yana da tsawo, yana ci da sauri, yana tara toka.

Bayan an gama, a shafe shi da jiƙaƙƙen hannu, a rufe da buhu ko tabarma, a bar shi ya bushe a inuwa mako ɗaya ko biyu. Wutar farko ta zama 'yar ƙarama. Gaggawa a wannan mataki ita ce take haifar da tsagar da ake ɗora wa laka laifinta.

Mai ɗan hali, wanda zai iya sayen jan bulo, yana da wata hanya. A 1982 wani Ba'amurke mai suna Larry Winiarski ya tsara ƙa'idojin murhun da ake kira roket, wanda cikinsa yake da siffar gwiwar hannu: itace yana shiga ta kwance, wuta tana tashi ta wani ɗan gajeren maƙogwaro a tsaye, tsawonsa kamar ninki uku na faɗinsa, tukunya kuma tana zaune a samansa. Bakin itacen kaɗai ke ci, ana tura shi a hankali, iska kuma tana shiga ta ƙarƙashin wani ɗan faifan ƙarfe ko raga da aka ɗora itacen a kai. Da jan bulo 16 zuwa 24 ana iya jera shi ko babu kwaɓi, a gwada, a gyara, sannan a ɗaure da laka. Maƙerin unguwa zai iya yanko ragar daga guntun rodi, ya kuma naɗa zoben langa-langa da zai zagaye tukunyar.

Akwai kuskure biyu da masu kuɗi suka fi talakawa yi. Na farko shi ne siminti. Bulon siminti yana da kyan gani ranar da aka gama, amma siminti yana fara rasa ƙarfinsa da zarar zafi ya haura digiri 300, harshen wutar itace kuwa ya ninka haka. Kafin a jima sai ya tsage, ya fara marmashewa, tayil ɗin da aka manna masa ya ɓamɓare. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, wannan asara ce mai zafi. Jan bulo da laka su ne abokan wuta.

Na biyu shi ne kauri. Hankali yana ba mutum cewa ƙaton murhu mai kaurin bango ya fi riƙe zafi. Haka aka zata a Gwatamala a shekarun 1970, lokacin da aka ƙirƙiro murhun Lorena na laka da yashi, aka yaɗa shi a ƙasashe da yawa. Da aka zo aka auna daga baya, sai aka ga tulin ƙasar yana shanye zafin da ya kamata ya shiga tukunya, har wani lokaci ya ci itace fiye da buɗaɗɗiyar wutar da aka kula da ita. Abin da ke tsare zafi shi ne abu marar nauyi mai ƙananan ramukan iska. Shi ya sa ake cuɗa lakar cikin murhu da buntun shinkafa ko garin katako, waɗanda za su ƙone su bar ramuka, shi ya sa kuma ake barin rata tsakanin bangon ciki da na waje a cika ta da toka. Tokar da ake zubarwa a juji kullum safiya tana cikin mafi kyawun abin tsare zafi da ake samu a gida.

Sai maganar muni, wadda masu tsara shirye-shirye suke raina wa. Bangon da ya yi shekaru yana shan hayaƙi, kankare shi ake fara yi a bushe, da tsintsiya mai ƙarfi ko ɓallin kwano, a ɗaure hanci da ƙyalle. A wanke da ruwan toka da sabulu, a bar shi ya bushe, a yi masa sabon yaɓe, sannan a shafe da farar ƙasa. Fentin mai ba ya jure zafi: yana kumbura, yana ɓarewa, yana fitar da wari. Farar ƙasa kuwa ko ta yi baƙi, sake shafa ta aikin yini ɗaya ne, kuma farin bango yana ƙara wa madafi haske. Wajen murhun ana iya yi masa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ya jure feshin ruwa. (Abin takaici, ita ɗorawar tana cikin itatuwan da gatari yake ragewa a gonaki.) A ɗaga dakalin murhun kaɗan daga ƙasa, a yi masa gurbin ajiye muciya da mara, a yi masa zane irin na dagi idan ana so. Wannan ba ƙawa ba ce kawai. Murhun laka sai da liƙi duk bayan 'yan makonni, kuma abin da mace take alfahari da shi, shi take liƙewa.

Nawa ake tsimi? Masu talla suna faɗin rabi, wasu har kashi 80. Alƙaluman ɗakin gwaji ne yawanci. Binciken da masana tattalin arziki Gunther Bensch da Jörg Peters suka yi a ƙauyukan Sanagal, inda aka raba murhu ta hanyar ƙuri'a aka bi gidajen, ya sami ragin itace na kusan kashi 30 cikin 100. Wannan ya fi kama da gaskiyar madafi. Kashi ɗaya cikin uku ba ƙarami ba ne: gidan da ke sayen ɗauri uku zai sayi biyu, yarinyar da ke zuwa itace sau uku a mako za ta je sau biyu. Wanda ya taɓa sayen itacen wankan jego na kwana arba'in ya san ma'anar wannan ragi. Wasu dabarun ma ba sa buƙatar ko laka: busasshen itace da aka faskara sirara, murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun dare.

Abin da laka ba za ta iya ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon huhu, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da toshewar hanyoyin numfashi, da sankarar huhu, duk suna cikin lissafin. Da waɗannan alƙaluma ake buɗe kusan kowane taron raba murhu. Abin da ba a cika faɗa a wurin taron ba shi ne cewa tsimin itace daban, tsabtar iska daban.

A Malawi an gwada wani murhun zamani mai fanka a ƙauyuka 150, aka bi yara sama da 10,000 har shekara biyu. Sakamakon da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a ƙarshen 2016 ya nuna ciwon huhun yara bai ragu ba. A Gwatamala kuwa, inda aka gwada murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, binciken da aka buga a 2011 ya ga hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da za a fahimta a nan shi ne huhu ba ya samun sauƙi da ɗan ragi. Sai hayaƙin ya ragu ƙwarai, ko ya fita daga ɗakin.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan yana nufin kuɗin da ya rage bayan laka ya tafi ga iska. Bututun hayaƙi na langa-langa shi ne abu mafi tsada a cikin aikin, kuma yana da sharaɗi: a nisanta shi da rufin ciyawa ko zana, a riƙa kakkaɓe shi, domin kunkunniyar da ta taru a ciki tana toshe shi, tana kuma iya kamawa da wuta. Wanda bai da kuɗinsa, ya huda taga a saman bango daura da ƙofa, ko ya mayar da girki ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, wadda iska ke ratsawa. A sauke goyo a nesa da murhu idan akwai mai riƙewa. Kaskon gawayi kuma, wanda ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa, ya fi murhun itace haɗari, domin iskar da yake fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mai barci.

Bincike mafi muhimmanci ga masu bibiyar kuɗin gwamnati shi ne wanda Rema Hanna, da Esther Duflo, da Michael Greenstone suka yi a jihar Orissa ta Indiya. Murhun laka ne mai bututu, mai araha, aka gina wa dubban gidaje, aka bi su shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. Daga nan sai amfanin ya ɓace, domin murhun ya tsage, bututu ya toshe, ba a gyara ba, mata suka koma wa tsohuwar wutarsu. Ranar da aka yanke ƙyalle, shirin ya yi nasara. Bayan shekara huɗu, babu abin nunawa.

Biliyan 9.2, da darasin maƙwabta

A Nuwamban 2014, ana saura 'yan watanni a yi zaɓen 2015, Majalisar Zartarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Shugaba Goodluck Jonathan ta amince da kwangilar naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 da jakunkunan riƙe zafi 18,000, a raba wa matan karkara. Idan aka raba kuɗin, kowane ɗaya ya tashi a kan kusan naira 12,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. Bayan sauyin gwamnati kwangilar ta cije, ta koma taƙaddama tsakanin ma'aikatar muhalli da ɗan kwangila, kuma abin da aka kawo bai yi kusa da adadin da aka yi alkawari ba. Ita jakar riƙe zafin, aikinta shi ne a sauke tukunya tana tafasa a lulluɓe ta, abinci ya ƙarasa nuna da kansa. Kwando da tsumma da ƙaiƙayi suna yin wannan aiki.

Ba wuya a gane dalilin da ya sa irin wannan tsari yake burge masu mulki. Murhun ƙarfe ana ƙirga shi, ana loda shi a mota, ana jera shi a filin taro a ɗauki hoto. Koya wa mata ashirin na wata unguwa a Gwiwa yadda ake auna ratar ɗan yatsa, da komawa bayan wata shida a ga ko sun liƙe tsaga, ba ya da kwangila mai tsoka, ba ya da ranar ƙaddamarwa. Amma shi ne ainihin abin da binciken Indiya ya nuna ya ɓace.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wata hanyar. Daga 2014, Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin Katsina, wato Daura, da Baure, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa, da Dutsi, da Mashi, wanda ƙungiyoyin Oxfam da ICEED suka gudanar. Burinsa shi ne murhu 35,000, mafi yawa na laka, waɗanda mutanen yankin da aka horar suke ginawa, tare da renon itatuwa a gonaki. Baure tana iyaka da Babura. Daura tana kan titi ɗaya da Kazaure. Ƙasa iri ɗaya, tuwo iri ɗaya, tukwane iri ɗaya.

A tsallaken iyaka kuma, Nijar ta riga Najeriya shiga wannan fage. Tun shekarun 1980 maƙeran Yamai suke ƙera murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, suna sayarwa a kasuwa kamar kowane kayan ƙira. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, aka fara yaɗa abin da manoma suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturen sabara, da kalgo, da gawo lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma, a riƙa sassabe sauran ana girki da su. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dangantakarsa da murhu a fili take: ƙiraren da ake samu daga sassabe ba sa tuƙa tuwo a buɗaɗɗiyar wuta, amma suna yi a killataccen murhu. Gidan da ya sami ƙirare kuma yana iya barin kara da kashin shanu a gona su zama taki.

Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Hukumomin muhalli na jihar sun sha gargaɗi kan sare itatuwa don itace da gawayi. Dokar tana da hujja, musamman a kan masu ƙona ƙirya da marke suna loda buhunan gawayi zuwa birane, da manyan masu cin itace irin su gidajen burodi da makarantun kwana. Sai dai haramci ba ya dafa abinci. Muddin tukunya tana cin ɗauri uku, za a nemo ɗauri uku, ko da dare ne, farashi kuma ya ƙaru a kan mai saye.

A Maris 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsabtataccen girki, wadda take son kowane gida ya samu nan da 2030. Kaso mafi girma an ɗora shi a kan gas, ingantaccen murhun itace kuma an ba shi ƙaramin gurbi. A matsayin inda aka dosa, gas da lantarki su ne maganin hayaƙi na gaskiya, kuma babu adalci a ce matan Roni su dawwama a kan laka alhali ƙasarsu tana fitar da gas zuwa Turai. Amma tsakanin yau da ranar da gas zai kai ƙauyukan Gwiwa a farashin da manomi zai iya, akwai shekaru na girki sau uku a rana.

Wannan rata ta fi dacewa da ƙaramar hukuma, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ta kuɗinta kai tsaye. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen noma da gandun daji, da ma'aikatan duba-gari da aikinsu ya haɗa da shiga gidaje. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, Babura kuma tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Gwada ƙasar kowace gunduma don a fitar da gwargwadon yumɓu da yashi, da auna yawan itacen da murhu yake ci a girkin tuwo na gaske, aiki ne da ɗaliban injiniya za su iya yi da sikeli da tukunya. Idan kuma aka ga layin raba murhu a kasafin wata ƙaramar hukuma, akwai tambayoyin da suka fi "guda nawa aka raba" amfani: wa ya gina, a kan wace tukunya aka auna, wa zai dawo ya duba, guda nawa ne ke cin wuta bayan damina ta farko.

Damina ce ma'aunin, domin ita ce take cinye murhun laka da aka bari a sarari. Lokacin gini shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan kududdufi ya ja baya ya bar laka a baki, ƙaiƙayi ya taru a masussuka, iskar hunturu kuma tana busar da aiki a inuwa. Wanda ya gina a wannan lokaci yana da wata biyar ko shida ya kafa 'yar rumfa a kansa kafin hadarin farko ya taso daga gabas.